A Yi Gaba, A Dawo Baya: Tarihin Rawar Sahu a Kudancin Kano

Gabatarwa

Idan al'amari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Bahaushe kan ce ana rawar 'yan mata, wato a yi gaba a dawo baya. Da wuya a sami marubucin da bai taɓa sa wannan magana a bakin wani daga cikin taurarin littafinsa ba. Haka kuma kullum muna cewa wane ya taka rawar gani, wance tana sahun gaba, su wane sun bi sahun magabata. To, amma da za a tsayar da mu a ce mu bayyana ita wannan rawa ta 'yan mata, mu faɗi wane kiɗa ake yi mata, da yadda ake jeruwa, da ko taku nawa ake yi gaba kafin a dawo, da yawanmu sai ido ya raina fata. Maganar tana bakinmu, ita kuwa rawar ta kusa kuɓuce mana.

Abin da ya tayar mana da wannan tunani shi ne wani bikin aure da muka halarta a birnin Kano. Ƙawayen amarya suka shigo zauren biki cikin anko, sun jeru layi biyu, suna ɗaga ƙafa tare suna sauke ta tare. Wani saurayi da ke kusa da mu ya ce ai wannan salon Turawa ne, a waya yara suka koyo shi. Wata dattijuwa 'yar ƙasar Kiru da ke zaune a gefe ta dube shi ta yi dariya, ta ce, "Ɗan nan, ai mu mun yi wannan mun gaji tun ba a haifi uwarka ba." Ya ce, "Haba Iya, a ina?" Ta ce, "A dandali mana, gaban mai kalangu."

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun maganar dattijuwar nan. Za mu dubi irin rawar da ake yi a jere, wadda muka zaɓi mu kira rawar sahu, musamman a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, yankin da tafkin Bagauda ya yi suna a cikinsa. Daga nan mu leƙa wasu ƙasashe, mu ba mai son koyo 'yan shawarwari, sannan mu faɗi abin da muke ganin ya rataya a wuyan marubuci.

Mece ce Rawar Sahu?

Idan aka dubi yadda masu rawa ke tsayuwa a fili, ana iya kasa raye-rayen Hausawa gida uku. Akwai rawar mutum ɗaya, kamar wadda ɗan dambe ko ɗan tauri ke yi idan aka kaɗa masa takensa. Akwai rawar da'ira, kamar takai ta samari masu sanduna, da gaɗa ta 'yan mata inda ɗaya ke faɗowa saura su cafe ta. Ta ukun ita ce rawar sahu, inda ake jeruwa kafaɗa da kafaɗa, ko wani bayan wani, kowa ya fuskanci wuri guda.

Abu uku ne ke bambanta rawar sahu da sauran. Na farko, kowa taku iri ɗaya yake yi, a lokaci ɗaya. Na biyu, babu wanda ke buƙatar abokin rawa, domin sahun gaba ɗaya shi ne abokin kowa. Na uku, takun gajere ne, ana maimaita shi har sai makaɗi ya sauya kiɗa ko ya tsaya. Saboda haka gwanin rawar sahu ya sha bamban da gwanin rawar mutum ɗaya. A can, gwani shi ne wanda ya fita daban. A nan kuwa, gwani shi ne wanda idon mai kallo bai tsaya a kansa ba, domin bai riga kowa ba, ba a kuma bar shi a baya ba.

Ita kalmar sahu daga Larabci muka aro ta, kuma ta zauna daram a harshenmu. Shi ya sa lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fito da shirin gyaran tarbiyya a Kano a 2004 ta kira shi A Daidaita Sahu, ba a buƙaci yi wa kowa fassara ba, har sunan ya manne wa keken haya mai ƙafa uku.

Gona ce Makarantar Farko

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi ya buga a 1908, ya nuna Bagauda ne sarkin Kano na farko, kuma bisa lissafin da aka yi wa shekarun sarakuna ya yi mulki daga 999 zuwa 1063. Littafin ya ba da labarin mutanen Dala na zamanin Barbushe, yadda sukan taru da dabbobin yanka su kewaya wurin tsafin Tsumburbura. Wannan kewayawa da'ira ce. Shi kuwa sahu, a ganinmu, a gona ya kamata a nemi asalinsa, wurin aikin gayya.

Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma yayin da mutum ke gangarawa daga Bebeji zuwa Tudun Wada har dajin Falgore da duwatsun Riruwai, damina sai ƙara nauyi take yi. Inda ruwa ya yawaita ciyawa ba ta jiran kowa. Manomin da ya makara da noman firi na kwana kaɗan, sai ya tarar ciyawa ta shaƙe masa dawa. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Don haka mai gona kan raba goro ya kira gayya, ya tanadi fura da tuwo, samarin gari su yi sammako da garemani da fartanyu, makaɗin gangar noma yana biye da su.

Da an isa bakin gona sai a jeru, kowa ya kama kunya guda. Makaɗi ya tsaya a bayansu ya fara kiɗa, sai ka ga garemani sun tashi sama tare sun sauka tare. Wannan kiɗa yana da aiki biyu. Yana zuga zuciya, domin kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takensa da kirarinsa, kuma babu mai son 'yan matan da suka kawo ruwa su gan shi a ƙarshe. Sannan yana daidaita sara, domin idan sahu ya karkace, ko dai a bar ciyawa a tsakani, ko wani ya sari ƙafar ɗan'uwansa. In an kai ƙarshen gona sai a juya gaba ɗaya, a kama sababbin kunyoyi a dawo. Mai karatu zai lura cewa duk ginshiƙan rawar sahu suna nan: jeruwa, da taku ɗaya, da tafiya gaba, da juyawa, da dawowa. Abin da ya rage kawai shi ne a ajiye aikin a bar motsin. Haka kuwa ake yi da yamma in an tashi, inda samari ke rawa da fartanyunsu a hannu, 'yan hoto kuma su yi ta cilla garma sama suna tare ta da jiki.

Gayya ta fi ƙarfi a inda ake da manyan gidaje masu noman gandu, kamar gidajen Maguzawa da ke warwatse a karkarar Kano. Cikinsu ne masanin nan ɗan Amurka Joseph Greenberg ya zauna ya yi bincike a 1938 zuwa 1939, ya buga littafinsa a 1946. Sai dai hankalinsa ya fi karkata ga iskoki da tsafi. Wannan kuwa za mu yi ta cin karo da shi: mai alƙalami ya zo ya rubuta abin da ya kawo shi, rawa tana gefe ana yi.

Dandali da Kalangu

Idan gona ce makarantar samari, dandali ne makarantar 'yan mata. Bayan kaka, an cika rumbuna, ga farin wata, sai mai kalangu ya fito dandali ko bakin kasuwa ran da take ci. 'Yan mata su ci ado, su ja ɗamara da mayafi a ƙugu, su jeru suna fuskantar makaɗi. Zabiya ta ba da waƙa, saura su amsa. Sahu ya taso a hankali da ɗan gajeren taku, ƙafa tana jan ƙasa, har ya zo dab da makaɗi, a ɗan rusuna, sannan a koma da baya ba tare da an juya masa ƙeya ba. In ya sauya kiɗa, rawa ma sai ta sauya. Wannan zuwa da komawa ita ce ta haifi karin maganar da muka buɗe da ita.

Dandali yana da shugabanni da dokoki. Akwai Sarkin Samari, akwai kuma shugabar 'yan mata, wadda a wasu wurare ake kira Mama. Su ne ke kiran makaɗi, su tara abin sallamarsa, su raba faɗa, su ci tarar wanda ya yi rashin kunya. A nan yarinya ke koyon rawa ba tare da wani ya zaunar da ita ya koya mata ba. Takan fara da tsayawa a gefe da goyon ƙaninta tana kallo. Wata rana ta laɓaɓa ta tsaya a ƙarshen sahu kusa da yayarta, ta yi kuskure a yi mata dariya, gobe ta dawo. Kafin shekara ta kewayo ta shige tsakiya. A nan ne kuma saurayi ke ganin wadda yake so, ya fito ya manna mata kwabo a goshi, gari ya shaida.

Ɗaya daga cikin shaidun da muke da su a rubuce kan wannan rayuwa ita ce Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta yi ƙuruciyarta a Karo da Zarewa, a yankin da ke ƙaramar hukumar Rogo a yau, maƙwabciyar Kiru. Baturiyar nan Mary Smith ce ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950 ta rubuta labarinta, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Baba ta yi maganar makaɗa da waƙoƙi da rawar 'yan mata a ranakun kasuwa da na biki. Ya kamata mu tsaya mu yi tunani a nan: tsohuwa ɗaya aka saurara da kyau, ga shi har yau ana cin moriyar abin da ta faɗa.

Babban taron shekara na wannan rawa shi ne kalankuwa, bikin da samari da 'yan matan ƙauyuka ke yi bayan girbi, gari ya gayyaci gari, a kwana ana kiɗa. Maƙwabtanmu Fulani ma suna da nasu sahun. Wanda ya fi shahara a duniya shi ne na Bororojin Nijar, waɗanda a ƙarshen damina samarinsu ke yin kwalliya su jeru kafaɗa da kafaɗa, suna ɗage dugadugai suna nuna farin ido da farin haƙori, 'yan mata su zaɓi wanda ya fi kyau.

Malamai da Masu Rawa

Me ya sa abin da ya cika rayuwar jama'a haka bai cika littattafanmu ba? Amsar tana cikin tarihi. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, kuma a 1807 aka kashe Sarkin Kano Alwali a Burum-Burum, cikin ƙasar Tudun Wada ta yanzu. Malaman jihadi sun yi kakkausar suka ga cakuɗuwar maza da mata a wuraren kiɗa, da kuma raye-rayen da suka danganci bori. Wannan bai kashe rawa ba, amma ya rage mata daraja. Ta zama abin ƙauye, abin talaka, abin yarinya kafin aure. Mutumin kirki ba ya rawa a bainar jama'a, ɗan malam kuwa ko kallo ya je sai ya sha faɗa.

To, su malaman nan su ne masu alƙalami. Sai aka wayi gari masu rubutu ba sa rawa, masu rawa kuma ba sa rubutu. A ganinmu, wani abin da ya taimaki rawar sahu ta daɗe a ƙauyukan Musulmi shi ne tsarinta bai tilasta namiji ya riƙe mace ba. 'Yan mata na iya yin sahunsu su kaɗai, samari su yi nasu a gona, iyaye su kau da kai.

Zamanin Audu Bako

A ranar 27 ga Mayu, 1967, gwamnatin Yakubu Gowon ta raba Nijeriya jihohi 12, aka naɗa kwamishinan 'yan sanda Audu Bako gwamnan Jihar Kano, ya riƙe ta har 1975. A zamaninsa ne fuskar kudancin Kano ta sauya. Aka gina madatsar ruwa ta Bagauda a ƙasar Bebeji, aka gina otal a bakin tafkin domin baƙi da masu yawon buɗe ido, aka kammala babbar madatsar Tiga a 1974, ruwanta ya gangara ya raya noman rani a Kadawa da kewaye.

A daidai wannan lokaci, bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, gwamnatin tarayya ta shiga shirya bukukuwan al'adu na ƙasa domin haɗa kan jama'a, kowace jiha ta zo da abin da za ta nuna. Ba Nijeriya kaɗai ke wannan ba. Gini ta Sekou Toure ta riga ta mayar da ƙungiyar rawar Keita Fodeba ta ƙasa, Ghana ta Nkrumah ta kafa tata a 1962. Kano ma sai ta nemi rawar da za ta wakilce ta. A farkon shekarun 1970 ne aka tsinto taku daga raye-rayen Hausawa da na Fulanin jihar aka haɗa su wuri guda, aka sami abin da muka sani yanzu da rawar ƙoroso. Sunan ya fito ne daga abin kaɗawar da masu rawar ke ɗaurawa a ƙafa, wanda ke amsa kowane taku. 'Yan ƙoroso kan shigo fili a jere, maza da mata, da sarewa da kiɗa, su yi taku ɗaya a sahu, sannan su rabu biyu-biyu su nuna gwanintar lanƙwasa jiki. Wannan yayi na baje kolin al'adu ya kai ƙololuwa a bikin FESTAC da aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Daga baya Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, mai mazauni a Gidan Ɗan Hausa, ta zama uwar 'yan ƙoroso.

Hawa dandamali ya yi wa rawar sahu rana, ya kuma yi mata ɓarna. A dandali sahu makaɗi yake fuskanta, a dandamali kuwa manyan baƙi. A dandali ana yi har wata ya faɗi, a dandamali mintoci ake ƙirga wa ƙungiya. A dandali duk yarinyar da ta ga dama tana iya shiga ƙarshen layi, a dandamali sai wanda aka ɗauka aka horar. Ribar ita ce ƙoroso ta rayu, har an san Kano da ita a wajen Nijeriya. Hasarar ita ce jama'ar da a da su ne masu rawa sun koma 'yan kallo.

Yadda Dandali Ya Mutu

Babu wanda ya kafa doka rana ɗaya ya rufe dandalin ƙauye. Abubuwa ne suka taru suka yi masa rubdugu. Garmar shanu da tarakta da maganin feshi sun rage buƙatar hannaye da yawa a gona, wanda kuma ke buƙata sai ya ɗauki 'yan ƙodago ya biya su, ba sai ya kira makaɗi ba. Noman rani ya cinye lokacin hutun da a da ake kalankuwa a cikinsa. Ruwan Tiga ya tashi garuruwa, mutanensu suka koma sababbin matsugunai. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai yara aji, makarantun Islamiyya na yamma da na dare suka ɗauki sauran lokacin. Wa'azi ya ƙara ƙarfi a kan kiɗa, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Rediyo mai kaset ya shigo, bidiyo ya biyo shi. Wasu daga cikin waɗannan sauye-sauye alheri ne babba, ba kuma muna kiran a mayar da hannun agogo baya ba ne. Muna dai lissafa abin da aka biya ne. Shi kansa otal ɗin Bagauda ya daina karɓar baƙi, ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya.

Da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, sahu ya sake bayyana a akwatin talabijin: yarinya da saurayi a gaba, 'yan amshi a jere a bayansu suna taku ɗaya. Amma fiyano ta maye gurbin kalangu, takun kuma akasari daga finafinan Indiya aka kwaikwayo shi. Yaron da ya tashi a wannan zamani bai yi laifi ba in ya ɗauka rawar jere baƙuwa ce.

A Wasu Ƙasashe

Saurayin nan na wurin biki yana da tasa gaskiyar, domin Turawa ma suna da rawar sahu, kuma tasu ta zaga duniya. A Amurka, wata rawa mai suna Madison ta fito daga jihar Ohio a ƙarshen shekarun 1950, inda ake jeruwa wani yana kiran taku. Wani mai suna Ric Silver ya ce shi ya tsara wadda ake kira Electric Slide a 1976, ta kuma game gari bayan da aka sake fitar da waƙar Marcia Griffiths, mawaƙiyar Jamaika, a 1989. A 1992 waƙar Billy Ray Cyrus ta sa rawar sahu ta zama tambarin masu kiɗan karkarar Amurka, masu malafa da takalman kaboyi. Macarena ta Sifen ta mamaye duniya a 1996. A 2020, wasu matasa a Angola suka ɗauki hoton kansu suna rawar sahu da faranten abinci a hannu, suna bin waƙar Jerusalema ta Master KG na Afirka ta Kudu, sai ga ma'aikatan asibiti da 'yan sanda a ƙasashe da dama suna kwaikwayo. Dalilin yaɗuwar duk waɗannan ɗaya ne da dalilin daɗewar tamu: ba a neman abokin rawa, takun gajere ne, kuma baƙo na iya shiga ya koya daga na kusa da shi.

Ga Mai Son Koyo

Ko ta gida mutum zai koya ko ta waje, ƙa'idojin kusan ɗaya ne. Da farko a saurara kafin a motsa. A nemi bugun da ke maimaituwa a cikin kiɗan, a bi shi da tafi ko da kaɗa kai har ya zauna a kunne. Na biyu, a fara da ƙafa, a bar hannu da kafaɗa sai daga baya. Na uku, a yi ɗan gajeren taku, domin mai dogon taku shi ke karya sahu. Na huɗu, in an yi kuskure kada a tsaya gyara, a jira bugu na gaba a shiga. Da koyo akan iya.

Turawa sun mayar da tasu lissafi. Suna ƙirga taku takwas-takwas, yawancin raye-rayensu taku 32 ne kafin a maimaita, kuma suna kiran kowace fuska da aka juya bango. Akwai rawa mai bango ɗaya, da mai biyu, da mai huɗu. Misali, Electric Slide da aka fi yi taku 18 ce: huɗu zuwa dama, huɗu zuwa hagu, huɗu da baya, huɗu na rausayawa gaba da baya, sannan biyu na juyawa hagu. Wanda ya fara yana fuskantar gabas zai koma arewa, sannan yamma, sannan kudu, a zagaye na biyar ya ga ya dawo gabas. Saboda haka kuskure ne sabon shiga ya ɓuya a layin baya, domin da an juya sau biyu shi ne zai zama na gaba, kowa yana kallonsa. Wurin ɗan koyo shi ne tsakiya, inda duk ta inda aka juya akwai wanda zai bi.

Kammalawa

A 1651 wani mai sayar da littattafai a Landan, John Playford, ya buga littafi mai ɗauke da raye-rayen Ingila 105, kowace da kiɗanta da bayanin yadda ake taka ta. Yayinsu ya wuce, masu yin su suka mutu. Bayan shekara fiye da 250, Cecil Sharp ya buɗe littafin ya farfaɗo da su, har yau ana yin su. Mu ma an yi mana wani ƙoƙari. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗa da raye-rayen Hausa a littafinsu na 1971, Ziky Kofoworola da Yusef Lateef suka fitar da nasu a 1987, malamanmu na jami'a irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki mai yawa a kan makaɗa da mawaƙa. Amma an fi adana waƙa a kan taku, domin waƙa kalmomi ce, tana da sauƙin kamawa da alƙalami.

A nan ne aikin 'yan wannan ƙungiya yake. Yarinyar da ta yi rawa a dandalin Kiru ko Bebeji kafin 1976 yanzu ta haura shekara sittin. Tana nan a gidajenmu, wataƙila ita ce ke yi mana tatsuniya muna yara. Mu je mu gaishe ta, mu tambaye ta sunan rawar, da irin gangar, da yadda ake jeruwa, da ƙafar da ake fara ɗagawa, da yawan takun gaba da na baya, da abin da ake ɗaurawa, da tarar wadda ta ɓata sahu. In ta yarda ta miƙe ta gwada, mu ƙirga mu rubuta. Mu nemi tsohon makaɗin gangar noma a Tudun Wada ko Doguwa mu yi masa irin waɗannan tambayoyi. Mai rubuta ƙagaggen labari kuma, in ya kai jarumarsa wurin biki, kada ya tsaya a kan cewa an sha rawa an watse. Ya nuna mana wadda ta tsaya a tsakiya da wadda aka tura ƙarshe, da wanda ya fito ya yi liƙi, da wadda ta ga haka ta ɓata taku. Labari yana cikin sahun nan, ga duk mai ido.

Dattijuwar nan ta wurin biki ba ta tsaya jayayya da saurayin ba. Da ƙawayen amarya suka zo wucewa ta gabanta, mun lura ƙafarta tana motsi a ƙarƙashin kujera, tana bin kiɗan daidai. Mun yi niyyar mu tambaye ta sunan takun, sai hayaniyar biki ta raba mu, ba mu kuma sake haɗuwa ba. Allah ya sa mai karatu ya fi mu saurin tambaya.